Daren da na ce wa ɗan sanda ya duba motata

Ni mutumin Zariya ne, amma tun 2011 nake zaune a unguwar Buronkis, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, kuma tuƙi ne sana'ata. Motar tawa ce, da lasisin haya na birni, fasinja kuma ta manhajar waya nake samun su. Da azumi nakan juya aikina ya koma dare: in sha ruwa, in yi asham, in fita, sai dab da sahur in dawo gida. Haka nake yi duk shekara, haka kuma na yi a goman ƙarshe na azumin 2023.

Ranar mura ta kama ni sosai. Bayan shan ruwa na kurɓi maganin mura na kwalba, irin wanda ake saya a kemis ba sai da takardar likita ba. A jikin kwalbar an rubuta cewa yana sa barci, kada a yi tuƙi. Na gani da idona, na ce ai na saba. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare na ɗauki wasu samari uku daga wurin wani biki. Duk a baya suka zauna, suna ta hira, ban ma kalli fuskarsu da kyau ba. Na sauke su, wayata ta yi ƙara da sabon fasinja, na karɓa, na kama hanya. Ban yi minti goma sha ɗaya ba fitila ja da shuɗiya ta haske min madubi.

Duk ɗan Afirka ta Yamma da ya zo unguwar nan, kafin ya san hanyar masallaci an ba shi labarin Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini da 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansu a watan Fabrairun 1999, yana ƙoƙarin ciro walat daga aljihu. Saboda haka abin da aka koya mana na yi. Na gangara gefe, na kashe mota, na kunna fitilar ciki, na sauke gilas, na ɗora hannaye biyu a kan sitiyari. Da ɗan sandan ya nemi lasisi da takardun mota, sai da na faɗa masa inda suke kafin na miƙa hannu. Har nan ban yi kuskure ba.

Ya ce tayata ta taka layi sau biyu. Ya haske min ido da tocila, ya ce me ya sa idona ya yi ja haka, na sha wani abu ne? Nan fa bakina ya buɗe. A gida idan aka tare ka a shinge, fitowa kake yi ka gaisa, ka yi bayani, ka ba da haƙuri, magana ta mutu a bakin titi. Jikina bai manta da wannan ba ko bayan shekara goma sha biyu. Na ce ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, azumi nake, barcin awa uku na yi, maganin mura kawai na sha, kuma gaskiya ya ɗan sa ni jin nauyin ido. A tunanina wanke kaina nake yi. Ashe kyamarar da ke maƙale a ƙirjinsa tana naɗar mutum yana faɗa da bakinsa cewa ya sha abin da ya rage masa kuzari sannan ya hau titi.

Ya ce in fito. Ya sa na bi biro da ido ba tare da juya kai ba, na yi taku tara diddige na taɓa yatsa, na tsaya da ƙafa ɗaya ina ƙirga. Sanyi ake yi, cikina ba wani abin kirki, gwiwata na rawa. Ya ba ni wata 'yar na'ura na hura, ta nuna sifili. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Sai abokin aikinsa ya tambaye ni ko akwai makami ko ƙwaya a motar. Na ce babu. Ya ce to, ba damuwa su duba?

Na ce: "Ku duba, yallaɓai, ba abin da nake ɓoyewa."

Har yau ina ganin bayan rigarsa lokacin da ya durƙusa a ƙofar baya. Ya zura tocila ƙarƙashin kujerar gidan gaba, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago bai kalle ni ba, abokinsa ya kalla, ya faɗi kalma ɗaya. Kafin in gane me ake ciki fuskata tana kan but, ƙarfen ankwa ya cije min wuyan hannu. Ƙaramar bindiga ce baƙa, da harsashi a ciki. Ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata, ko ta farauta.

A ofishin 'yan sanda aka kai ni wani ɗaki mai kyamara, aka sake sa ni hura babbar na'ura. A Niyok idan giya ta kai kashi 0.08 cikin ɗari a jini, maye ne kai tsaye, ƙasa da haka ma daga wajen 0.05 akwai ƙaramin laifi. Tawa ta sake nuna sifili. Sai aka kira wani jami'i da aka horar kan gane masu shan ƙwaya, ya auna bugun zuciyata, ya duba ƙwayar idona cikin duhu da cikin haske, ya nemi fitsari. An karanta min cewa idan na ƙi gwajin za a soke lasisina na aƙalla shekara guda, da tarar dala 500, kuma za a iya kafa hujja da ƙin nawa a kotu. Na bayar. An kuma karanta min gargaɗin nan na Miranda, cewa ina da ikon yin shiru da neman lauya. Na ji shi da kunnena, amma na ci gaba da rantsuwa ina bayanin samarin nan uku, don a ganina shiru na marar gaskiya ne. Lokacin sahur ya shige ina zaune a benci, an cire min igiyar takalmi da bel. Da ruwan famfo na ɗauki azumin ranar.

Kusan kwana guda cur na yi kafin a kai ni gaban alƙali. Minti kaɗan kafin a kira ni aka shigar da ni wani ɗan akurki mai waya a tsakani, wata mata da tarin fayil a hannu ta ce ita ce lauyata, kuma ba zan biya ta ko sisi ba. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Gideon na 1963 dole ne gwamnati ta ba wanda ba shi da hali lauya a babban laifi. Ban yarda da ita ba da farko. Na ce a raina lauyan da gwamnati ke biya ai na gwamnati ne. Na zalunce ta da wannan zato, kuma daga baya na faɗa mata.

Tambayarta ta farko ba kan bindiga ba ce. Cewa ta yi, ni ɗan ƙasa ne? Na ce a'a, koren katin zama gare ni. Na cancanci neman zama ɗan ƙasa tun shekaru da suka wuce, amma kullum sai in ce sai baɗi. Ta ajiye biro ta dube ni. Tambaya ta biyu: manhajata a kunne take lokacin da aka tsayar da ni? Na ce har fasinja na karɓa. Ta uku: akwai kyamara cikin motar? Na ce akwai, tana kallon gaba tana kallon ciki. Sannan ta ce daga yanzu kada in sake yi wa kowa maganar nan, ko abokan zama a sel, ko matata a wayar gidan yari, don ana naɗa.

A gaban alƙali na ji nauyin abin da ke kaina. Mallakar bindiga mai harsashi ba lasisi, a wajen gida ko wurin sana'a, babban laifi ne a Niyok: mafi ƙarancin hukunci shekara uku da rabi, yana iya kaiwa goma sha biyar. Ga kuma tuhumar tuƙi cikin mayen ƙwaya. Aka sa beli. Lauyata ta roƙi a yarda da biyan kashi goma cikin ɗari tare da masu tsaya min, alƙali ya amince. A daren, bayan asham, liman ya yi sanarwa ba tare da ambaton sunana ba, ko da yake kowa ya sani. Mutanen Kumasi, na Maraɗi, na Kano, har da Fulanin Gini da ba mu jin yaren juna, aka haɗa kuɗin. Kwana biyu na yi a tsare.

Da na dawo gida maiɗakina ba ta yi kuka a gaban yara ba. Ta zuba min ruwan wanka, ta kwashe kayan da na sa a can ta ɗaure a leda. Sai da dare ta ce: "Baban Khalifa, me zan ce wa Hajiya idan ta bugo?" Na ce ta ce mota ce ta lalace. Ban taɓa yi wa mahaifiyata ƙarya irin wannan ba, kuma wata huɗu muka yi a kanta.

Ba ƙaryar ce gaba ɗaya ba, don motar tana hannun hukuma a matsayin shaida. Lasisin haya kuma an dakatar da shi tun daga kamun, kafin kowa ya tabbatar da komai, manhajar ta rufe min asusu. Kuɗin mota na wata-wata bai tsaya ba, inshora ba ta tsaya ba, haya ba ta tsaya ba. Wani ɗan uwa mai shagon kayan abincin Afirka ya ɗauke ni ina jera buhunan shinkafa da jarkokin manja. Babbar Sallah ta zo ban aika kuɗin rago gida ba, karo na farko tun zuwana.

A ofishinta lauyata ta zauna ta warware min abin dalla-dalla, kuma a nan na fara fahimtar inda na faɗa. Na tambaye ta yadda za a ce bindigar tawa ce alhali ba a jikina aka same ta ba. Ta buɗe min sashe na 265.15 na dokar manyan laifuka ta jihar Niyok. Idan aka sami bindiga a cikin mota, doka ta ba da dama a ɗauka cewa ta duk wanda ke cikin motar ce, sai in a jikin mutum ɗaya aka same ta. Wato da a motar gida nake na rage wa wani hanya ya bar min ita, da wannan zaton ya hau kaina kai tsaye. Amma cikin sashen akwai togaciya: zaton ba ya hawa kan direban haya mai lasisi da ke tsakiyar sana'arsa ta halal. Shi ya sa ta tambayi manhaja tun daren farko. Da na kashe ta na nufi gida sahur, da mai gabatar da ƙara ya ce na tashi daga aiki, motar ta koma ta gida. Tsakanina da wannan, fasinjan nan ɗaya ne da na karɓa ban ma kai gare shi ba.

Sai ta kunna min hoton kyamarar ɗan sandan, wanda tun gyaran dokar 2020 dole ne masu ƙara su miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma da wuri. Na kalli kaina ina zuba kamar famfo. Ta tsayar da hoton daidai inda aka tambaye ni makami. Ta ce a Niyok, tun hukuncin Garcia na 2012 daga babbar kotun jihar, ɗan sanda ba ya da ikon tambayar mutanen cikin mota ko suna da makami don kawai ya tsayar da su kan laifin hanya, sai yana da dalilin zargi mai tushe. Fitar da ni daga mota yana da iko, Kotun Ƙolin Amurka ta yarda da haka tun 1977. Amma tambayar da binciken, da akwai abin faɗa a kansu, kuma idan alƙali ya ce bincike haramtacce ne, bindigar ba ta shiga shaida, ƙarar ta rushe. Matsalar ita ce ni da kaina na ba su dalilin zargi da zancen magani, sannan na buɗe musu ƙofa da "ku duba". Ta ce za ta yi wannan faɗan in ta kama, amma ba za ta jingina rayuwata a kansa ba.

Na ce mata to da na ƙi, ai sai su ce ina da abin ɓoyewa. Ta ce su ce mana. Ƙin yarda a bincike ba laifi ba ne, kuma ba hujja ba ce. Ka faɗa da ladabi cewa ba ka amince ba, idan sun bincika duk da haka kada ka hana su da hannu, ka bar wa kotu. Wannan ya yi min wuyar haɗiya. An raine mu a kan cewa babba ko mai kaki in ya nemi abu ba ka ce masa a'a, kuma mai gaskiya ba ya gudun a duba shi. Tarbiyya ce mai kyau, ba na zagin ta. Amma ni na san abin da na sa a motata ne kawai, ban san abin da mutum talatin da suka shige ta a ranar suka bari ba.

Maganar ƙwaya ta fi saurin warwarewa, ko da yake sakamakon ya ɗauki makonni. Dokar Niyok kan tuƙi cikin mayen ƙwaya tana aiki ne da jerin abubuwan da aka lissafa a dokar lafiya ta jihar, da wiwi. Abin da ke cikin maganin murata, difenhaidiramin, ba ya cikin jerin. Kafin sakamakon ya fito lauyata ta tsare ni da ido ta ce in faɗa mata gaskiya: na sha wani magani da aka kawo min daga gida? Na san abin da take nufi. Direbobinmu da yawa ciwon baya ya dame su, sai a sa mai zuwa ya taho da taramol, wasu har da maganin tari mai kodin. Waɗannan duka suna cikin jerin. Da shi na sha a daren, ko ƙwaya ɗaya, da labarin ya sha bamban. Fitsarin ya fito ba komai, aka janye tuhumar, na biya tarar taka layi. Wannan tarar ban yi gardama a kanta ba, don na taka.

A wata na biyu masu ƙara suka kawo tayi: in amsa ƙaramin laifin mallakar makami, ba zaman gidan yari, a rufe magana. Wallahi na so in karɓa. Dattawan masallaci ma haka suka ce. Wani Alhaji da nake ganin girmansa ƙwarai ya kama hannuna ya ce: "Ɗana, ba a ja da hukuma. Ka karɓa ka koma neman abincin 'ya'yanka." Don ƙauna ya faɗa. Lauyata kuwa ta haɗa ni da abokin aikinta masanin dokar shige da fice, don tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Padilla na 2010 wajibi ne lauya ya faɗa wa baƙo abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa a ƙasar. Mutumin bai yi kwana-kwana ba. Ya ce a dokar tarayya, laifin bindiga, ƙarami ko babba, dalili ne na korar mai koren kati. Ba zan kwana gidan yarin jiha ba, amma wata rana ina dawowa daga ganin gida, ko na je neman zama ɗan ƙasa, sai a riƙe ni. 'Ya'yana uku a nan aka haife su. Na yi istihara kwana uku, na ce ban karɓa ba.

A nan zan ɗan ratse saboda 'yan uwanmu masu tuƙa tirela daga jiha zuwa jiha. Na ji wasu na cewa tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Bruen na 2022 kowa na iya yawo da bindiga a Amurka. Abin da hukuncin ya soke shi ne sharaɗin sai ka nuna buƙata ta musamman kafin a ba ka lasisi a Niyok. Lasisin kansa yana nan daram, kuma na wata jiha, ko da maƙwabciya ce kamar Fensilbeniya, ba ya aiki a nan.

Babban laifi ba ya zuwa shari'a sai ya bi ta gaban wasu mutanen gari 23 da ake kira giran juri, waɗanda ke duba ko akwai hujjar da ta isa a gurfanar da mutum. Sai 12 daga cikinsu sun yarda. A Niyok wanda ake tuhuma yana da ikon shiga ya yi magana, amma lauyoyi ba su cika so ba, don duk abin da ka faɗa ya zauna, kuma lauyanka yana gefe ne kawai, yana iya raɗa maka shawara amma ba ya yi wa mutanen jawabi. Lauyata ta ce a nawa lamarin mu shiga, saboda abu uku da suka zo hannu. Bayanan manhaja sun nuna minti da daƙiƙar da na sauke samarin da lokacin da na karɓi sabon fasinja. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi a jikin bindigar bai nuna nawa ba. Sai katin kyamarar motata, wanda tun makon farko ta rubuta takarda a adana shi kada ya ɓata.

Sau ɗaya na kalli hoton nan kafin ranar. Muna tsaye a danja, wata motar 'yan sanda ta gifta ta gabanmu. Yaron da ke bayan kujerar gidan gaba, da hular sanyi, ya bi ta da ido, ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, kafaɗarsa ta dama ta yi ƙasa, ya ɗago ya ci gaba da dariya da abokansa. Daƙiƙa huɗu. Ni kuma ga ni a gaba ina murza ido.

Kwana biyu lauyata ta yi tana horar da ni, kuma duk horon abu ɗaya ne: amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya. Ranar na sa farar shadda, na shiga ɗakin. Wata dattijuwa a layin gaba ta tambaya, ta bakin mai gabatar da ƙara, me ya sa na yarda a duba motar. Na ce don ban san akwai komai a ciki ba. Sauran bayanin ya taso min har maƙogwaro, na haɗiye shi. Washegari da la'asar ina shago ina ɗaure kwalin doya wayata ta yi ƙara. Lauyata ce, ta ce sun ƙi amincewa da tuhumar, an kori ƙarar. Na zauna a kan buhun gari na kasa cewa komai, sai mai shagon ne ya karɓi wayar ya yi mata godiya.

Korar ƙara ba ta dawo da komai da kanta. Sai da na je kotu na karɓi takardar shaidar yadda shari'ar ta ƙare mai hatimi, na kai wa masu lasisin haya, na aika wa manhaja, na nemi takardar sakin mota daga ofishin masu ƙara. Wajen mako biyar wannan ya ci. Motar na same ta batir ya mutu, da ledar dabinon da na buɗe a daren tana nan a gefen giya, ya bushe ƙamas. An rufe fayil ɗina bisa doka, amma lauyan shige da fice ya gargaɗe ni cewa rufewar ba ta shafi gwamnatin tarayya ba: takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko an taɓa kama ka, kuma amsata har abada "eh" ce. Na cike ta a watan da na koma aiki, na rubuta eh, na haɗa da takardar mai hatimi.

A daren da na aika ta na bugo wa Hajiya na faɗa mata komai tun daga farko. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ta ce: "Yaron nan da ya ajiye abin, yana da uwa?" Na ce ban sani ba, Hajiya. Ta ce to, za ta sa shi a addu'a shi ma, in je in kwanta.